Haraji, Asusun Albashi ko Kasuwa: Wace Hanyar Inshorar Lafiya Ta Cancanci Ƙuri'arka?

Mahaifina yana da wata 'yar reza da yake ajiyewa cikin kwalin maganinsa na hawan jini. Na daɗe ina ganinta ban tambaya ba. Ran da na tambaya sai ya nuna mini. Yakan ɗora ƙwayar a kan murfin kwalba, ya danna rezar a tsakiya, ya sha rabi yau, rabi gobe. Likita ɗaya ya rubuta a kullum, amma lissafin tsohon shi ne maganin wata guda ya kai wata biyu. Bai taɓa faɗa wa likitan ba. Likitan kuwa ya yi ta mamakin yadda jinin ya ƙi sauka, har ya ƙara masa magani na biyu, wanda shi ma rezar ta hau kansa.

Tun daga ranar nake sauraron 'yan siyasa da wani kunne idan suna gardama kan tsadar magani. Kowa yana rantsuwa zai sauƙaƙa. Wannan ya ce gwamnati ta ɗauki nauyin kowa, wancan ya ce a tilasta wa ma'aikata da masu ɗaukar aiki su zuba a asusu, na uku ya ce a bar kamfanoni su yi gasa, farashi zai faɗi da kansa. Hanyoyi ukun nan ba zance ba ne kawai na lokacin kamfen, akwai ƙasashen da suka shafe shekaru masu yawa a kan kowacce, kuma ana iya duba abin da ya same su.

Sai dai kafin a duba, akwai abu guda da ya kamata mutum ya riƙe. Ciwo ba ya rabuwa daidai tsakanin jama'a. A Amurka, inda ake bin diddigin alƙaluman sosai, kashi 5 cikin ɗari na mutane ne ke cin kusan rabin duk kuɗin da ake kashewa kan lafiya a shekara, yayin da rabin jama'a kusan ba sa taɓa komai. Babu wanda ya san shekarar da zai faɗa cikin kashi biyar ɗin nan. Don haka kowane tsari, ko me aka kira shi, aikinsa ɗaya ne: karɓa daga masu lafiya a yau domin a yi jinyar wanda ya kwanta a yau. Kuma tunda kuɗin ba ya isar duk abin da likitanci zai iya yi, dole a wani wuri wani ya ce a'a. Tambayoyina biyu ga kowace hanya ke nan. Su wa ke cikin tukunyar? Kuma wa ke da ƙarfin taya farashi, ya ƙi saye idan an tsawwala?

A fara da hanyar haraji, wadda Birtaniya ta fi shahara da ita. Rahoton William Beveridge na 1942 ne ya share fage, ministan lafiya Aneurin Bevan kuma ya buɗe hukumar lafiya ta ƙasa, wato NHS, ranar 5 ga Yuli, 1948. Ƙa'idar mai sauƙi ce: ka biya harajinka gwargwadon samunka, idan ciwo ya zo ka je asibiti ba a tambaye ka ko kwabo ba. Ɗauki mace mai ciwon suga da ke allurar insulin a Ingila. Tana da likitan unguwa da ta yi rajista da shi, ganinsa kyauta ne, gwajin jini da duba ido da ƙafa kyauta ne, kuma ciwonta yana cikin waɗanda aka yafe wa kuɗin takardar magani. Idan ta rasa aiki gobe, babu abin da ya canja a jinyarta. Wannan kwanciyar hankali ba ƙaramin abu ba ce, kuma duk wanda ya taɓa zama gefen gadon majinyaci yana lissafin kwana nawa aljihu zai iya ɗauka ya san darajarta.

Ta fuskar farashi ma hanyar tana da ƙarfi, domin mai saye ɗaya ne. Tun 1999 akwai hukumar NICE da ke auna kowane sabon magani, ta kwatanta amfaninsa da kuɗinsa. Kamfanin da ya ƙi rage farashi yana iya rasa kasuwar ƙasar baki ɗaya, don haka sau da yawa yakan rage. Birtaniya tana kashe kusan kashi 11 cikin ɗari na arzikin da take samarwa a shekara kan lafiya, kuma kowa yana ciki.

To ina ake cewa a'a? A layi. A watan Satumba na 2023 jerin jinyar da ake jira a asibitocin Ingila ya kai kusan miliyan 7.7, alhali ƙa'idar hukumar ita ce a fara yi wa mutum aiki cikin makonni 18. Wanda zuciyarsa ta buga za a karɓe shi nan take, amma mai jiran a sauya masa ƙugu ko gwiwa yana iya shafe shekara yana ɗingishi, bacci ya gagare shi, aiki ya kufce masa. Jira ma biya ne, da jiki ake biyansa. Dalilin kuwa a fili yake: kuɗin lafiya yana fitowa daga baitulmali ɗaya da kuɗin makaranta da na soja da na hanya, don haka duk gwamnatin da ta ɗaure ɗamarar tsimi, asibiti na jin jiki. Wannan rikici tsoho ne. Bevan kansa ya ajiye muƙami a 1951 saboda gwamnatinsu ta sa kuɗi a kan tabarau da haƙoran roba, shekara uku kacal da buɗe tsarin.

Kanada 'yar uwa ce a wannan gida, da ɗan bambanci. A can gwamnatin lardi ce ke biya, amma yawancin likitoci masu zaman kansu ne. Lardin Saskatchewan ne ya fara a ƙarƙashin firimiyansa Tommy Douglas, kuma da aka faɗaɗa tsarin zuwa kuɗin ganin likita a 1962, likitoci sun yi yajin aiki na kwana 23. Abin da ya fi jan hankalina a Kanada shi ne giɓin da aka bari. Dokar lafiya ta 1984 ta rufe asibiti da likita, amma ba ta rufe maganin da mutum zai saya a kantin magani ba. Wato mahaifina a can zai ga likita kyauta, sannan ya dogara da inshorar wurin aiki ko shirin lardinsa kafin ya sami ƙwayar. Duk wanda ya yi maka alkawarin lafiya kyauta, ka tambaye shi ko maganin da ake sha a gida yana ciki.

Akwai kuma darasin jihar Vermont a Amurka, ga masu ganin sauyawa zuwa wannan hanya abu ne mai sauƙi. Jihar ta yi doka, ta shirya, sannan a watan Disamba na 2014 gwamna Peter Shumlin, wanda shi ne ya fi kowa son abin, ya janye da ya ga girman harajin da zai ɗora. Yana iya yiwuwa jimillar abin da iyali za su biya ta ragu, tunda kuɗin inshora zai ɓace, amma mutane suna ganin haraji da ido, kuɗin da ake cirewa kafin albashi ya iso hannunsu kuwa ba sa ganinsa. Wannan shi ne dutsen da shirin sanata Bernie Sanders na faɗaɗa Medicare, wato inshorar gwamnatin Amurka ta tsofaffi, ga kowa yake ta tuntuɓe da shi.

Hanya ta biyu ta girmi ta farko. Jamus ce ta kafa ta a 1883 zamanin shugaban gwamnati Otto von Bismarck, wanda ya yi hakan har da nufin janye ma'aikata daga 'yan gurguzu. Ana yankar wani kaso daga albashi, mai ɗaukar aiki ya zuba kwatankwacinsa, kuɗin ya tafi asusun jinya da ba na neman riba ba. A yau kason gama-gari kashi 14.6 ne cikin ɗari, ana raba shi biyu tsakanin ma'aikaci da mai aikin, sai ƙarin da kowane asusu ke ɗorawa, wanda ke ta hawa a 'yan shekarun nan. Kusan kashi 90 cikin ɗari na jama'a suna cikin waɗannan asusu, da mata da yara marasa albashi ba tare da ƙarin kuɗi ba. A farkon shekarun 1990 asusun sun haura dubu, yanzu ba su kai ɗari ba.

Mai ciwon sugan nan a Jamus tana da kati. Ta zaɓi likitan da take so, ta miƙa katin, a duba ta. A kantin magani takan biya tsakanin yuro 5 da 10, idan ta kwanta a asibiti yuro 10 a rana har kwana 28 a shekara. Abin da ya burge ni shi ne rufin da aka sa: duk abin da za ta biya daga aljihu ba zai wuce kashi 2 cikin ɗari na samun gidanta a shekara ba, kuma da yake ciwonta mai daɗewa ne, kashi 1. Wanda ya tsara wannan ya san cewa ƙaramin kuɗi da ake biya kullum ya fi kassara talaka a kan babban kuɗi na rana ɗaya. Jiran aiki a asibiti ya fi na Ingila gajarta, kuma kuɗin yana da nasa asusu, ministan kuɗi ba zai karkatar da shi ya gina gada ba.

Kada a ɗauka yawan asusun na nufin kowa yana cin gashin kansa. Farashin ganin likita da jerin abin da inshora ke biya a tebur ɗaya ake yanke su, tsakanin ƙungiyar asusun da ƙungiyar likitoci da ta asibitoci, ƙarƙashin idon doka. Masu biya da yawa ne, amma bakinsu ɗaya ne a ciniki.

Aibinta biyu ne, ɗaya ƙarami ɗaya babba. Ƙaramin shi ne an bar ƙofa a buɗe: mai babban albashi da ma'aikacin gwamnati da mai sana'ar kansa suna iya fita su sayi inshorar kamfani, kuma likitoci sun fi samu a kansu, don haka sukan sami ganin ƙwararre da wuri. Tsarin ma ba mai araha ba ne, Jamus tana kashe fiye da kashi 12 cikin ɗari na arzikinta. Babban aibin kuwa yana cikin tushen ginin. An ɗora shi a kan takardar albashi. Idan tsofaffi suna ƙaruwa masu aiki suna raguwa, nauyin yana komawa kan kafaɗu kaɗan. Idan kuma a ƙasar da yawancin mutane manoma ne da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, waɗanda ba su da albashin da za a yanka, sai tsarin ya tsaya a kan ma'aikatan gwamnati da na manyan kamfanoni, wato waɗanda dama sun fi kowa iya biya. Sauran a ce musu su yi rajista da kansu, su riƙa zubawa duk wata. Mai lafiya ba ya zuwa, sai wanda ya riga ya ji alamar ciwo, tukunya ta cika da majinyata ta ƙone.

Ƙasashen da suka tsallake wannan rami da haraji suka tsallake shi. Tailan a 2002 ta shimfiɗa tsarin da aka sani da na baht 30, wato ɗan kuɗin ƙasar da aka yanka wa majinyaci a kowane zuwa asibiti, gwamnati ta biya wa duk wanda ba ya cikin inshorar ma'aikata daga baitulmali, tana ba asibiti kuɗi gwargwadon yawan mutanen da ke ƙarƙashinsa. Gana ta yi dokarta a 2003, ta ɗora kashi 2.5 cikin ɗari a kan harajin kaya da hidima don ciyar da asusun. Sunansa inshora, amma jininsa haraji ne. Gana ta kuma nuna inda ake zamewa: idan asusun ya yi watanni bai biya asibitoci bashinsu ba, sai su koma karɓar kuɗi a hannu, mai kati ya tsaya da katinsa a banza.

Hanya ta uku, ta kasuwa, ita ce ta fi jawo hayaniya, domin Amurka ce dandalinta. Asalin abin ma ba shiri ba ne. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta hana ƙarin albashi, sai kamfanoni suka riƙa jan ma'aikata da inshorar lafiya, daga baya dokar haraji ta 1954 ta tabbatar da yafe haraji a kan wannan alheri. Haka lafiyar mutum ta ɗaure da wurin aikinsa, har yau kusan rabin Amurkawa ta nan suke samu. A 1965 shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu kan Medicare don masu shekara 65 zuwa sama da Medicaid don talakawa. Waɗanda suka faɗa tsakani, marasa aikin kamfani kuma ba tsofaffi ba, kasuwa ce ta rage musu, kuma a lokacin kamfani yana da ikon ƙin mai ciwon suga ko ya ninka masa kuɗi.

Dokar da Barack Obama ya sa wa hannu ranar 23 ga Maris, 2010, wadda ake kira Obamacare, murhu ce mai duwatsu uku. An hana kamfani ƙin mutum saboda tsohon ciwo, an tilasta wa kowa ya saya don kada masu lafiya su zauna a gefe, an ba masu ƙaramin ƙarfi tallafi. Cire dutse ɗaya tukunya ta karkata, kuma an shafe shekaru ana ƙoƙarin cirewa. Kotun Ƙoli a 2012 ta bar wa jihohi zaɓin faɗaɗa Medicaid, har zuwa 2024 jihohi 10 ba su faɗaɗa ba. A Yulin 2017 ƙuri'ar sanata John McCain tana cikin ukun da suka hana 'yan jam'iyyarsa rushe dokar a majalisar dattawa, amma a ƙarshen shekarar dokar haraji ta mayar da tarar ƙin saye sifiri daga 2019. Duk da haka marasa inshora sun ragu daga kusan kashi 16 cikin ɗari a 2010 zuwa kusan 8 a 2023. Miliyoyin mutane ke nan da suka sami likita, kuma ban yarda da mai raina wannan ba.

Amma dubi abin da ake biya. A 2023 Amurka ta kashe kusan dala tiriliyan 4.9 kan lafiya, fiye da kashi 17 cikin ɗari na arzikinta, kuma tsawon rayuwar jama'arta bai kai na Jamus ko Birtaniya ko Kanada ba. Inshorar iyali ta wurin aiki ta haura dala 25,000 a shekara a 2024. Ma'aikaci yana ganin kamfani ne ke biyan mafi yawa, alhali daga ƙarin albashin da bai samu ba ake cirewa. Mai ciwon suganmu a nan, idan tana da aiki mai kyau, za ta iya ganin ƙwararre cikin kwanaki, ta sami sabuwar na'urar auna suga kafin 'yar uwarta ta Ingila. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa masu inshora mai kyau suke tsoron a taɓa musu. Sai dai a kowace sabuwar shekara akwai kason farko da za ta biya daga aljihu kafin kamfani ya fara sa hannu, dole ta duba ko likitan yana cikin jerin waɗanda kamfaninta ya amince da su, wani magani kuma sai likita ya nemi izinin kamfani tukuna. A nan a'ar tana zuwa cikin wasiƙa, ko a gaban mai sayar da magani idan ya faɗi kuɗin ta juya ta tafi. Idan aikin ya tafi, inshorar ta bi shi.

Don adalci, Amurka ba ita ce mafi kyawun misalin kasuwa ba. Suwizalan tun 1996 da Holan tun 2006 suna amfani da kamfanoni masu zaman kansu, amma da linzami. Dole kowa ya saya, dole kamfani ya karɓi kowa a farashi ɗaya ba tare da duba ciwonsa ba, gwamnati ce ke fayyace abin da inshorar tushe za ta ƙunsa, kuma ana karɓar kuɗi daga kamfanin da ya tara masu lafiya a ba wanda ya tara majinyata. A Holan kason farko yuro 385 ne a shekara, ganin likitan unguwa ba ya ciki, yara 'yan ƙasa da 18 ba sa biya. A Suwizalan an hana cin riba a kan inshorar tushe. Kowa yana ciki, jira kaɗan ne. Amma kuɗin wata a Suwizalan kan mutum ake yanka shi, ba kan samunsa ba, don haka direba da shugaban banki a gari ɗaya kusan abu ɗaya suke biya, sai tallafin da ake ba na ƙasa. Masu matsakaicin samu suna kuka duk shekara, amma sun ƙi asusun gwamnati guda a ƙuri'ar raba gardama ta 2007 da ta 2014, kuma a Yunin 2024 sun ƙi a ƙayyade kuɗin a kashi 10 cikin ɗari na samun mutum. Kasuwar da ta yi aiki, in ka duba da kyau, doka ce ta ɗaure ta ta ko'ina, har ta kusa zama ƙanwar tsarin Jamus.

Yanzu ga abin da na fi so mai karatu ya tsaya a kai, domin a nan ne 'yan siyasa suka fi karkatar da hankali. Me ya sa kuɗin ke hawa? Wani ɓangare babu mai iya hana shi. Mutane suna daɗewa a duniya da cututtuka masu cin magani kullum, sababbin magungunan daji da na'urori suna da tsada, kuma jinya aiki ne na hannun mutum, ba a rage ma'aikaciyar jinya a sa inji. Wannan ya shafi kowace ƙasa. Amma bambancin da ke tsakanin Amurka da sauran ba daga yawan zuwa asibiti ya fito ba. Wani bincike da Gerard Anderson da Uwe Reinhardt da abokan aikinsu suka wallafa a 2003 ya nuna Amurkawa ba su fi sauran ganin likita ko kwana a asibiti ba. Farashin kowane abu ne ya fi. Inda masu saye suka rarrabu, asibitoci kuma suka haɗe suka zama ƙattai, mai sayarwa ne ke yanka.

Amsar da masu son kasuwa suka fi bayarwa ita ce a sa majinyaci ya ji zafin kuɗin, zai rage zuwa asibiti a banza. An gwada wannan. Cibiyar bincike ta RAND a Amurka ta yi babban gwaji daga shekarun 1970 zuwa 1982, ta raba iyalai cikin tsare-tsare daban-daban. Waɗanda aka ɗora wa kaso mai yawa sun rage kashe kuɗi da kusan kashi 30 cikin ɗari, kuma ga yawancinsu lafiya ba ta taɓu ba. Amma sun rage mai amfani da marar amfani duka, domin majinyaci ba ya iya bambancewa, kuma talakawa masu hawan jini sun fi samun sauƙi inda jinya take kyauta. Da na karanta wannan rezar mahaifina na gani. Ban da haka, kuɗin da ke karya asusu yana wurin kashi biyar ɗin nan masu tsananin ciwo, mutanen da ke kan gadon tiyata ko na wankin ƙoda, waɗanda ba su cikin halin zagaya asibitoci suna taya farashi.

Japan ta bi ta ɗaya gefen. Tun 1961 kowa yana da inshora, masu biya suna da yawa, asibitoci galibi masu zaman kansu ne, amma gwamnati tana da littafin farashi guda na kowane aiki da kowane magani, ana sabunta farashin aiki duk shekara biyu, na magani kuwa duk shekara tun 2021. Majinyacin da ke cikin shekarun aiki yana biyan kashi 30 cikin ɗari na kuɗin jinyarsa, da rufi na wata. Ƙasar tana cikin mafi yawan tsofaffi a duniya, amma abin da take kashewa bai kusanci na Amurka ba. A cikin Amurka ma jihar Maryland tana yanka wa asibitocinta farashi ɗaya ga kowane mai biya tun shekarun 1970. Kuma bayan dokar 2003 ta hana Medicare taya farashin magani, dokar 2022 ta buɗe ƙofar: an tsayar da insulin a dala 35 a wata ga masu Medicare, an fara ciniki kan magunguna 10 da aka tsara sabon farashinsu ya fara aiki a 2026. Wannan 'yar ƙofa ta fi mini yawancin jawaban kamfen ma'ana.

To wace za a zaɓa? Ya danganta da inda ƙasarka take tsaye, domin babu wadda ta fara daga fili. Idan yawancin jama'a ba su da albashin wata, kada ka ba da ƙuri'arka ga shirin da ya dogara da rajistar ganin dama ko yankan albashi kaɗai. Zai rufe 'yan kaɗan, a yi ta shelar nasara. Nemi wanda ya faɗi harajin da zai ciyar da asusun da sunansa, ya sa shi cikin doka yadda ba za a taɓa shi ba, ya fara da abin da zai iya biya da gaske: haihuwa, rigakafi, jinyar yara, magungunan cututtuka masu daɗewa, taimakon gaggawa. Gajeren jeri da ake cikawa ya fi dogon da asibiti zai ce babu. Idan kuwa ƙasarka tana da yawan masu albashi da hukumar da ke iya tara kuɗi, hanyar Jamus tana ba da zaɓi da gajeren jira, muddin an rufe ƙofar da masu kuɗi ke bi su fice kuma gwamnati ta biya wa marasa aiki. Idan kuma kana inda kamfanoni suka riga suka yi jijiya kamar Amurka, ni ban ga hikimar jiran ranar da za a tumɓuke komai ba alhali mutane suna raba ƙwaya biyu a yau. A kare duwatsun murhun nan uku, a sa rufi kan abin da iyali za su biya daga aljihu, a ba wani ƙarfin yanka farashi ga kowa da kowa.

Akwai wanda hanyar kasuwa za ta fi yi wa daɗi, kuma bai kamata a ɓoye ba. Matashi mai lafiya mai kyakkyawan samu zai biya ƙasa a shekarun ƙuruciyarsa idan aka bar shi ya sayi 'yar inshora mai arha ko ya ƙi saye. Lissafinsa daidai ne har zuwa ranar da aka kira shi ɗakin likita aka ce ya zauna. Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya sun ƙiyasta cewa a 2019 kusan mutum biliyan ɗaya sun kashe fiye da kashi 10 cikin ɗari na kuɗin gidansu kan jinya. Da yawansu shekarar da ta gabace ta lafiyarsu ƙalau.

Ni dai na zaɓi tukunya ɗaya mai faɗi da haraji ke ciyarwa, da hukuma mai haƙori da za ta iya ce wa kamfanin magani ya rage ko a bar masa kayansa. Na san abin da zan biya. Harajina zai ƙaru, wata rana zan jira wata shida a kan aikin da ba na gaggawa ba, kuma wata rana hukumar za ta ƙi sayen wani magani mai tsada da nake so a saya wa nawa. Na yarda da hakan saboda a layi ana duba tsananin ciwo kafin a ce wa zai shiga, a gaban mai karɓar kuɗi kuwa aljihu kaɗai ake dubawa. Sharaɗina guda ne, kuma shi zan fara nema a takardar kowane ɗan takara kafin in karanta sauran: maganin hawan jini da na suga da na asma, irin wanda ake sha a gida kowace safiya har ƙarshen rayuwa, ya kasance cikin jerin abin da asusun ke biya tun ranar farko.